Yadda ake atisayen tsofaffin tambayoyin lissafi kafin jarrabawar WASSCE

Da wuya ka shiga gidan da ke da ɗalibin ajin ƙarshe na babbar sakandare a Aboabo, Asawase ko Sabon Zongo na Kumasi ba ka tarar da ƙaton littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba, wanda ɗalibai suke kira fasko. Iyaye suna saye da tsada, ɗalibai kuma suna ɗauke da shi ko'ina, amma da yawansu karanta shi suke yi kamar labari: su duba tambaya, su juya shafi su duba amsa, su gyaɗa kai, su wuce. Wannan ita ce hanyar da ta fi yaudarar ɗalibi, domin gane amsar da wani ya rubuta daban ne da iya fito da ita daga kanka a zauren jarrabawa, agogo na tafiya, mai sa ido yana kai da komowa. Lissafi da hannu ake koyonsa, kuma abin da ke biye shi ne tsarin da zai sa littafin nan ya yi amfanin da aka saye shi dominsa.

Mataki na farko shi ne ka san siffar jarrabawar kafin ka fara shiri. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma babban ofishinta yake Akra, ita ce take shirya WASSCE, wato jarrabawar kammala babbar sakandare, kuma a tsarin da aka daɗe ana bi lissafin tilas yana zuwa ne a takarda biyu. Takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓin amsa, maki 50, cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu ta rubutu ce, maki 100 cikin awa biyu da rabi, tana da tambayoyi 13 waɗanda za ka amsa 10 daga cikinsu: biyar na sashen farko duka tilas ne kuma makinsu 40, sannan ka zaɓi biyar daga cikin takwas na sashe na biyu, makinsu 60. Sakamako yana farawa daga A1 zuwa F9, kuma wanda yake son shiga jami'ar KNUST a nan Kumasi ko Jami'ar Ghana da ke Legon yana buƙatar aƙalla C6 a lissafi. Ka tabbatar da wannan tsari a wurin malaminka tun farkon zango, sannan ka rubuta shi a bangon littafin aikinka.

Daga nan sai ka auna kanka da gaskiya. Ka ɗauki takardar shekara guda cikakkiya wadda ba ka taɓa dubawa ba, ka rufe amsoshin, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka zauna ka yi ta daga farko har ƙarshe. Makin da za ka samu zai iya ɓata maka rai, amma amfaninsa shi ne ya nuna maka inda ramukan suke. Wani zai ga aljabara ba ta ba shi wahala amma darussan da'ira da kusurwoyi sun kayar da shi, wani kuma zai ga ƙididdiga ce matsalarsa. Ba tare da wannan awo ba, ɗalibi yakan ɓata makonni yana maimaita abin da ya riga ya iya, saboda shi ne mai daɗin yi.

Bayan awon, kada ka ci gaba da bin takardu shekara bayan shekara tukuna. Ka zaɓi darasi guda daga cikin waɗanda suka kayar da kai, ka tattaro tambayoyinsa na shekaru takwas ko goma, ka yi su a jere cikin kwana biyu ko uku. A nan ne za ka lura cewa masu tsara tambayoyi suna sauya riga ne kawai, jikin kuwa ɗaya ne. Ɗauki misalin riba da asara. Idan 'yar kasuwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ta sayi turmin zane a sidi 480 ta sayar a sidi 600, ribarta sidi 120 ce, kuma idan aka raba 120 da kuɗin saye, wato 480, sai a sami kashi 25 cikin 100. Mai gaggawa yakan raba da 600 ya sami kashi 20, kuma sau da yawa irin wannan amsa ta kuskure tana zaune a cikin zaɓuɓɓukan takarda ta farko tana jiransa. Wata shekarar sai a juya tambayar: ta sayar a sidi 600, ta ci ribar kashi 25 cikin 100, nawa ta saya? Ɗalibai da yawa sukan cire kashi 25 na 600, wato 150, su rubuta 450, alhali ribar a kan kuɗin saye ake lissafa ta, saboda haka 600 za a raba da 1.25, a koma 480. Wanda ya yi waɗannan biyun a zama ɗaya ya ga dangantakarsu ba zai sake faɗawa wannan tarko cikin sauƙi ba.

Mataki na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ka koyi rubuta aikinka yadda mai duba takarda zai iya ba ka maki. A takarda ta biyu ba amsar ƙarshe kaɗai ake ba maki ba: akwai makin hanya, akwai makin daidaiton amsa, kuma ɗalibin da ya bi hanya daidai amma ya yi tuntuɓe a tarawa yana iya tsira da wani kaso, yayin da wanda ya danna kalkuleta ya rubuta amsa tsirara zai iya rasa mafi yawan makin ko da amsar daidai ce. A ce an tambaye ka: littattafan rubutu 3 da biro 2 kuɗinsu sidi 31, littattafai 2 da biro 5 kuma sidi 39, nawa ne kuɗin kowanne? Ka fara da rubuta cewa x kuɗin littafi ne, y kuma kuɗin biro, sannan ka kafa 3x + 2y = 31 da 2x + 5y = 39. Ka ninka ta farko da 2 ta zama 6x + 4y = 62, ka ninka ta biyu da 3 ta zama 6x + 15y = 117, ka ɗebe ta farko daga ta biyu ka sami 11y = 55, wato y = 5, sannan ka mayar da shi ka sami x = 7. Kowane layi a cikin waɗannan ka rubuta shi a takarda, ka kuma kammala da jimla mai cewa littafi sidi 7 ne, biro sidi 5. Kafin ka tashi, ka gwada: sau uku na 7 da sau biyu na 5 sun ba da 31, ka ga ke nan ka duba kanka cikin daƙiƙa goma.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna a nan, mu 'yan zango. Yawancin yaranmu da Hausa suke tashi, su yi Twi a kasuwa da cikin motar haya ta tirotiro, su yi Larabci a makarantar allo, sannan jarrabawa ta zo musu da Turanci, kuma sau da yawa abin da ya kayar da yaro a tambayar labari harshe ne, lissafin kuwa ya iya shi. Maganinsa shi ne ka karanta tambayar sau biyu, ka faɗa wa kanka ita da Hausa, sannan ka zana hotonta. Idan aka ce aji yana da ɗalibai 45, 30 suna jin Twi, 24 suna jin Hausa, 5 ba sa jin ko ɗaya, aka nemi masu jin duka biyun, to ka zana da'irori biyu masu shiga juna a cikin akwati, ka sa x a tsakiya, 30 − x a hagu, 24 − x a dama, 5 a waje. Jimillarsu 45 ce, saboda haka 59 − x = 45, x kuwa 14. Da zarar hoton ya zauna, Turancin ya daina tsoratarwa.

Sai kuma littafin kurakurai, wanda ɗalibai kaɗan ne suke yarda su riƙe. Ka ware ƙaramin littafi, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta shekararta da lambarta, da abin da ka yi, da dalilin faɗuwar a jimla guda. Dalilan ba su da yawa: ko ba ka san ƙa'idar ba, ko ba ka fahimci tambayar ba, ko kuma ganganci ne, kamar yar da alamar ɗebewa, ko manta rubuta santimita, ko taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki maimakon a ƙarshe, ko rubuta alkibla 60° a maimakon 060° mai lambobi uku da ake aunawa daga arewa. Bayan kwana uku ka sake yin tambayar ba tare da duba gyaran ba, sannan ka sake bayan mako biyu. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, wanda yake bayyana wuraren da ɗalibai suka yi rauni a kowace shekara, kuma yana da kyau ka nemi malaminka ya nuna maka shi ka kwatanta da abin da ke cikin littafinka.

Idan saura kamar wata biyu, sai ka koma yin takardu cikakku da agogo. Lissafin lokacin mai sauƙi ne: minti 90 a raba wa tambayoyi 50 ya ba kowace minti 1 da daƙiƙa 48, a takarda ta biyu kuwa minti 150 a kan maki 100 yana nufin minti ɗaya da rabi ga kowane maki, wato minti 12 ga tambaya mai maki 8, minti 18 ga mai maki 12. Wannan bai bar maka lokacin dubawa ba, don haka ka horar da kanka a kan minti 10 da minti 16, sai ka sami rarar minti 20 na karanta tambayoyi da bitar aiki. Tambayar da ta riƙe ka fiye da lokacinta ka bar mata fili ka wuce. A gidan haya mai yawan jama'a samun awa biyu da rabi babu hayaniya abu ne mai wuya, shi ya sa bayan sallar asuba ya fi dacewa, ko kuma ranar Asabar ka tafi ɗakin karatu na yankin Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu ta Kumasi. Idan kuna atisaye a ƙungiya, kada ku wuce mutum huɗu, kowa ya yi aikinsa shi kaɗai, sannan ku musanya takardu ku duba wa juna ba sani ba sabo.

Game da masu yawo da abin da ake kira apo a WhatsApp, suna cewa tambayoyin bana ne suka fito, ka nisance su. Kuɗinka zai tafi, daren da ya kamata ka yi barci zai tafi, kuma wanda aka kama da satar amsa ana iya soke sakamakonsa baki ɗaya, ya koma neman rubuta jarrabawar masu zaman kansu da ake kira Nov-Dec.

A makon ƙarshe ka daina taɓa sabon darasi, ka koma kan littafin kurakuranka kawai. Ka yi amfani da kalkuletar da za ka shiga da ita, irin wadda ba a iya adana bayanai a cikinta, domin yatsunka su saba da maɓallanta. Ka gwada ta da sin 30: idan ta ba ka 0.5 tana kan ma'aunin digiri, idan kuwa ta ba ka −0.988 to wani ya sauya ta, ka gyara tun a gida. Ka ɗaure kamfas ɗinka kada ya riƙa buɗewa a tsakiyar zane, ka feƙe fensir biyu, ka haɗa da rula da ma'aunin kusurwa da abin gogewa, ka sa su duka a jaka tun daren jajibirin jarrabawa.