Yadda ake zaɓen itacen yin baka

Duk lokacin da maharbi ya ja tsirkiya, abu biyu ne ke faruwa a jikin baka. Bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, yana miƙewa, cikinsa kuma da ke kallon maharbi yana matsewa. Itacen da ya dace shi ne wanda zai jure duka biyun ya kuma koma yadda yake da sauri. Tauri kaɗai bai isa ba. Ƙirya tana da ƙarfin da ake yin turmi da gawayin maƙera da ita, amma abin da baka ke nema danƙo ne, lanƙwasa ba tare da karyewa ba.

A dajin ƙasar Hausa, ɗunɗu da dargaza ne a sahun gaba. Ɗunɗu yana da nauyi da danƙo, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai samun miƙaƙƙen reshe mai tsawo yana da wuya, kuma ƙayoyinsa suna barin ƙananan gaɓoɓi. Dargaza ta fi sauƙin sassaƙa, sandarta kan fito a miƙe, ita ya kamata mai koyo ya fara da ita. Magarya da kurna da matashin marke suna yi idan an dace da reshe mai kyau. Gora ma ana yin baka da ita, amma sai wadda ta ƙosa, mai kaurin jiki, a bar fatarta a gefen baya. Kuka, rimi, gurjiya, dashi da zogale kuwa ɓata lokaci ne, jikinsu duk laushi ne.

Girman sandar ya danganta da jan mai ita. Wanda ke jan tsirkiya santimita 65 zuwa 70 ya nemi sanda mai tsawon santimita 150 zuwa 170, kaurinta kamar santimita 4 zuwa 6, sannan ya ƙara taƙi guda domin bakunan sandar da za su iya tsagewa. Gajeren baka yana ɗora wa itace wahala mai yawa, shi ya sa yake saurin karyewa.

Kafin a sa gatari, a tsaya a dubi ɓawon da kyau. Idan layukansa suna zagaye sandar a murɗe, cikin itacen ma a murɗe yake, bakan zai riƙa juyawa a hannu. A guji wadda ke da ramin ƙwari, ko tabon gobarar daji, ko babbar gaɓa a wurin da zai lanƙwasa. Busasshen reshen da aka tsinta a ƙasa ba shi da amfani, ruɓa ta riga ta shige shi ko da ido bai gani ba. Idan ana shakkar wani itace, a yanki ɗan reshe mai kaurin yatsa, a busar, a lanƙwasa a gwiwa. Wanda ya koma a miƙe yana da kyau. Wanda ya zauna a lanƙwashe zai ba da raggon baka. Idan aka matsa har ya karye, a duba karayar: zare-zare mai tsawo alamar danƙo ce, karaya tas kamar rake alamar gautsi.

Wurin busarwa ne aka fi yin asara. A sare bayan damina, a shafe bakunan sandar biyu nan take da kakin zuma ko fenti, domin ta nan ruwa ke saurin fita har itacen ya tsage. Iskar hunturu tana tsaga ɗanyen itace cikin 'yan kwanaki, saboda haka a ajiye sandar a ɗaki, cikin inuwa, a kwance a kan abin da zai ɗaga ta daga ƙasa. Sanda mai wannan kauri tana son wata shida zuwa shekara, amma idan an rage mata jiki kusa da siffar baka, wata biyu zuwa uku kan isa. Mai sikeli ya riƙa auna ta kowane mako, idan nauyin ya daina raguwa ta bushe. Bakan da aka ja yana ɗanye yana lanƙwashewa har abada, ƙarfinsa ya tafi.

Ɗan karkata ba aibi ba ne. A shafa man kaɗanya a wurin, a gasa a kan garwashi har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a sa a tsakanin rassan bishiya a miƙar, a riƙe har ya huce. Kada a bari ya babbake.

Wajen sassaƙa, bayan baka ba a taɓa shi. A ɓare ɓawon a hankali, a bar jikin da ke ƙarƙashinsa yadda yake, domin yankan wuƙa ɗaya a nan shi ne wurin da bakan zai fashe. Duk ragewa da gizago da kankarewa da wuƙa daga ciki da gefuna ake yi, kuma inda aka tarar da gaɓa a bar mata ƙarin nama kewaye da ita.