Yadda za ka gane ko inji na shirin cin aikinka, da abin da za ka yi tun da wuri

Da farko dai daina tambayar wai "inji zai cinye sana'ata?" don ba inda za ta kai ka. Inji ba kasafai yake haɗiye sana'a ɗungurungum ba, gutsura yake yi. Samo biro da takarda, sati guda cur ka riƙa rubuta duk abin da ka yi a wurin aiki, har ƙananan da kake rainawa, amsa waya, lissafin ciniki, lallashin kwastoman da ya zo yana kumfar baki. In sati ya cika sai ka ja layi ƙarƙashin duk aikin da kullum iri ɗaya ne, wanda ko kana gyangyaɗi za ka iya yi. To waɗannan su ne abincin inji.

Kuma tun asali haka abin yake. A 1913 kamfanin Ford a Amurka ya yanka aikin haɗa mota gunduwa-gunduwa, mota na tafiya kan layi kowa na tsaye yana ɗaura abu ɗaya tak, sai aikin da ke cin awa 12 ya koma kusan awa ɗaya da rabi. Aikin da aka iya yankawa haka, shi ne daga baya aka miƙa wa inji cikin sauƙi.

Kada ka ɓata ƙarfinka wajen faɗa da injin, an gwada. A 1811 masu saƙa a yankin Nottingham na Ingila sun riƙa bin dare suna farfasa injuna, su ne ake kira Luddites, kuma wallahi ba wawaye ba ne, ƙwararru ne da suka ga ana karya musu farashi da kaya marasa kyau, amma gwamnati ta turo sojoji, ta yi doka a 1812 cewa fasa inji hukuncinsa kisa ne, aka rataye wasu aka kwashe wasu zuwa Ostireliya, injuna kuma suka ci gaba da aiki abinsu.

Abin yi shi ne ka riga kowa sanin injin. Akwai wani tela a layinmu, mai surfani ne na gaske, da injin surfani na kwamfuta ya shigo gari abokansa sai tsaki suke wai aikin ba shi da rai. Shi kuwa sai ya rufe shago da yamma ya je ya zauna wurin wani yaro da bai kai ɗansa ba yana koyon yadda ake zana fulawa a kwamfuta, yaron na ce masa "Baba ba nan za ku danna ba", shi ko a jikinsa. Yanzu aikin gaggawa na anko da na sallah inji ke yi masa, aikin hannu na babbar riga kuma ya ƙara masa kuɗi, don mai son na hannu ya san abin da yake nema kuma zai biya.

Sai ka koma takardarka ka duba abubuwan da ba ka ja wa layi ba, nan ne arzikinka yake. Bankin Barclays ya kafa ATM na farko a Landan a 1967, aka yi zaton masu ƙirga kuɗi a kanta sun gama yawo, amma shekaru da dama bayan nan suna nan, sai dai aikin ya koma buɗe asusu da warware rikicin kwastoma. Mu ma nan ga masu POS a ƙarƙashin lema, sana'ar da na'ura ce ta haife ta.

Wannan AI ɗin, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon basirar ɗan Adam, da ake ta surutu tun fitowar ChatGPT, wadda ake yi wa tambaya ta amsa a rubuce, a ƙarshen 2022, masu aikin ofis ya fi taɓawa, rubuta wasiƙa, fassara, shirya rahoto. In aikinka ke nan, ɗauki abu ɗaya cikin waɗanda ka ja wa layi ka ba shi ya yi, sannan ka zauna ka bi shi layi-layi ka ga inda ya yi shirme, don yana yi sosai, musamman da Hausa. Ware ko minti 30 ne kullum bayan la'asar, in data ta yi tsada ku haɗa kuɗi da abokin aiki. Bayan wata uku ka sake sabuwar takarda ka ajiye ta kusa da tsohuwar.