Kurakuran da baƙo ke yi a dajin mangurof na gaɓar Durban

A bakin kogin Umgeni, daidai inda yake malala cikin Tekun Indiya a birnin Durban na Afirka ta Kudu, akwai wani dajin mangurof, wato itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Sunansa Beachwood, faɗinsa hekta 76, kuma tun 1977 aka killace shi. Ba kullum ƙofarsa take buɗe ba, saboda haka ka fara tambayar hukumar Ezemvelo KZN Wildlife, mai kula da wurin, ranar shiga kafin ka kama hanya.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne tsara tafiyar da agogo kaɗai. A nan teku ke da iko da lokaci. Cikin yini da dare yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, tsakanin cika da janyewa sa'a shida da 'yan mintuna. Kowace rana kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Wanda ya ce maka ya je da ƙarfe tara ya tarar da fili a sarari gaskiya ya faɗa, amma bayan kwana bakwai a wannan sa'ar ruwa za ka tarar. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata, don haka mai riƙe da lissafin watan Musulunci ya riga ya samu rabin amsar. Sauran rabin yana cikin jadawalin cikar teku na Durban da ke intanet. Ka isa sa'a ɗaya ko biyu kafin ruwan ya gama janyewa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya dawowa da ƙara. Ta ƙananan ƙoramu yake sulalowa, sau da yawa ta bayanka. Dubi kututturan itatuwa: akwai ƙananan dodon koɗi masu tsini da ke hawa sama tun kafin ruwa ya iso. In ka ga sun yi jerin gwano suna hawa, kai ma juya.

Kuskure na gaba shi ne sauka daga gadar katakon da ake bi cikin dajin don ɗaukar hoto. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Tsinkayen da suka tsattsago daga taɓo kamar an kakkafa fensir saiwoyin farin mangurof ne, da su itacen yake shaƙar iska, domin taɓon ba shi da iskar da saiwa za ta rayu da ita. Duk takun da ya karya su ya rage wa itacen numfashi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji ma daga rashin iskar nan ne, ba alamar ƙazanta ba ce. Ƙazantar gaske robobin da kogi ke kwasowa daga gari ne, kada ka ƙara musu naka.

A wuraren da ba gada, silifas ba takalmin shiga ba ne. Taɓo zai riƙe shi, ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo mai kaifi, ya yanke ka. Sa kambas mai igiya. In ƙafa ta nutse kada ka fizge ta da ƙarfi. Kishingiɗa baya, ka rarraba nauyinka, ka riƙa motsa ta a hankali har ta saku.

Masu gaggawa su ne ke fitowa suna cewa ba su ga komai ba. Ƙaguwa na jin girgizar taku, kafin ka iso ta shige rami. Tsaya cik na minti biyar. Za ka ga namijin wata ƙaramar ƙaguwa ya leƙo yana kaɗa ƙaton hannunsa ɗaya tilo, wata mai jan hannu ta wafce ganyen da ya faɗo ta ja shi cikin raminta, ga kuma kifin da ke tsalle a kan taɓo, idanunsa a tsakar ka. Dogayen 'ya'yan itacen da ke reto a rassa kuwa sun riga sun tsiro tun suna jikin uwa, jira suke su faɗo su kafu. Bar su a wurinsu.

Wanda ya saba da zafin bazarar Arewa yakan raina na Durban, tunda ma'auni bai cika wuce digiri 30 sosai ba. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Ɗauki ruwan sha, sa riga mai dogon hannu saboda sauro da ƙyashi. Yuni zuwa Agusta ya fi daɗin tafiya.

In ka zarce arewa da Durban, zuwa Umlalazi a Mtunzini ko St Lucia da ke cikin gandun iSimangaliso, akwai kada a ruwan, a St Lucia har da dorina. Kada ka tsuguna a bakin ruwa don wanke taɓo ko yin alwala. Zo da ruwanka a gora, ka yi nesa da gaɓa tukuna.