Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen madabod mai sauƙin kuɗi don kwamfutar gem

Madabod, wato babban allon da ake haɗa duk kayan kwamfuta a kansa, ba ya sa gem ya ƙara gudu. In ka ɗora furosesa ɗaya (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto ɗaya (mai zana hotunan gem) a kan madabod mai tsada da mai araha, da wuya idonka ya ga bambanci. Aikinsa shi ne ya ɗauki kayan da ka saya, ya ba su wuta yadda ya kamata. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya tara kuɗinsa a katin hoto. Sai dai araha ma tana da iyaka, kuma a wurin iyakar nan ne mutane suka fi asara.

Kuskuren farko shi ne sayen madabod kafin a yanke shawarar furosesa. Kowace furosesa da soket ɗinta, wato gurbin da take zama a kan madabod. Ryzen 5 5600 soket AM4 take hawa, Ryzen 5 7600 kuma AM5, wanda ya fito a 2022. Intel na zamani na 12 zuwa na 14 suna hawa LGA1700. Ba a tilasta wata ta shiga gurbin wata. Zaɓi furosesa tukuna, sannan ka shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka duba jerin waɗanda yake ɗauka.

Ko da soket ya yi daidai, BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta, na iya ba ka matsala. Madabod B450 ya riga Ryzen 5000 fitowa, don haka wanda ya daɗe a shago zai iya ƙin tashi har sai an sabunta masa BIOS. Nemi mai maɓallin sabuntawa a baya, wanda Gigabyte ke kira Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS Flashback. Da shi, fulash da wuta kawai kake buƙata, ko furosesa ba sai ka saka ba. In babu, mai shago ya sabunta maka kafin ka biya. Kuma don Allah kada ka yi wannan aiki da wutar NEPA zalla. In aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, madabod zai iya mutuwa. Haɗa UPS ko inbata tukuna.

Sai RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, mai nau'o'i irin su DDR4 da DDR5. AM4 DDR4 kawai yake ɗauka, AM5 kuma DDR5 kawai. LGA1700 ne mai rikitarwa, domin madabod B760 ɗaya ana yin sa iri biyu, na DDR4 da na DDR5, kuma ba sa shiga gurbin juna. Karanta kwalin da kyau. Ka sayi RAM guda biyu masu 8GB maimakon guda ɗaya mai 16GB, gem ya fi jin daɗin haka, kuma a madabod mai gurbi huɗu yawanci na biyu da na huɗu ake fara sakawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake watsi da VRM. Shi ne jerin ƙananan kayan da ke kewaye da soket, waɗanda ke karɓar wuta mai ƙarfin volt 12 su sauke ta zuwa kusan volt 1 da ɗoriya da furosesa ke sha. Wannan aiki yana haifar da zafi. Madabod mafi araha, kamar yawancin A520 da H610, sukan zo da VRM tsirara, babu ƙarfen da ke janye masa zafi. Da Core i3-12100F ko Ryzen 5 5500 babu damuwa. Amma in ka ɗora masa Core i7 ko Ryzen 9, zai yi zafi, madabod ya rage wa furosesa gudu don ya kare kansa, kai kuma ka ga gem yana sarƙewa ka ɗora laifin a kan katin hoto. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Don haka ni a ganina, ƙarin ɗan kuɗi a sayi B550 ko B760 mai ƙarfe a kan VRM ba almubazzaranci ba ne.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su sayi Z790 su ɗora masa Core i5-12400F. Babban amfanin Z shi ne ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda ta zo, kuma sai mai harafin K a ƙarshen sunanta ke yarda da hakan. Tunda 12400F ba ta da K, kuɗin ya tafi a banza. Haka fitilun ado.

A kula da PCIe, wato layukan da ke haɗa katin hoto da madabod, in katin hoton ƙarami ne. RX 6500 XT layi huɗu kawai yake amfani da su, kuma yana raguwa sosai a kan PCIe 3.0, wanda shi ne iyakar A520 da B450.

Game da na hannu, ba laifi ba ne, amma kada ka saya a rufe. A LGA1700 da AM5 allurorin suna jikin madabod ne, ba jikin furosesa ba. Haska soket da fitilar waya, in ka ga allura ko ɗaya ta lanƙwashe, ajiye shi. A kunna shi a gabanka, a gwada kowane gurbin RAM. Ka kuma guji madabod da aka ciro daga kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex, domin da yawansu mahaɗin wutarsu da wuraren ɗaure nocinsu na kamfanin ne kaɗai, ba za su zauna a kes na gama-gari ba.

Kafin ka baro shagon, gwada girman madabod ɗin da kes ɗinka, wato akwatin kwamfutar. Babban madabod, wato ATX, ba ya shiga ƙaramin kes na micro-ATX. Ƙirga gurbin M.2 (na saka SSD, ma'ajiyar fayiloli) da na fanka, ka kuma tambaya ko yana da Wi-Fi, tunda yawancinmu da waya ko MiFi muke hawa intanet. In babu, ƙaramar adafta ta USB za ta wadatar.