Kurakuran da iyaye ke yi wajen koyar da tarihi a gida ta intanet

Iyayen da suka ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansu a gida ba sa kukan ƙarancin kayan tarihi a intanet. Yawan kayan ne ke rikita su. A yi rajista a shafin karatu na Khan Academy yau, gobe a koma YouTube, jibi a sauke wata manhaja, wata ya ƙare yaro bai gama komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa. A zaɓi tushe ɗaya ya zama ƙashin bayan karatun zangon, sauran a riƙa leƙa su idan buƙata ta taso. Darussan tarihin duniya na Khan Academy kyauta ne kuma a jere suke, sun isa wannan aiki.

Sai ɗaukar kallo a matsayin karatu. Shirin Crash Course da John Green ya fara gabatarwa a 2012 ya ratsa tarihin duniya cikin kashi 42, kowanne minti goma da 'yan kai, ga shi mutumin yana zuba magana kamar ana korarsa. Yaro zai kalla, ya yi dariya, ya tashi yana jin ya sani. Ka tambaye shi da yamma, sai kame-kame. Gyaran ba wuya: a tsayar da bidiyon sau biyu ko uku, yaro ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, cikin harshen da ake yi a gida, sannan ya rubuta layi biyar. Abin da ya kasa faɗa bai shiga ba tukuna.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne barin yaro ya haɗiye labari ba tare da ya tambayi inda aka samo shi ba. Ɗauki Mansa Musa na Mali. Bidiyo nawa ne ke cewa dukiyarsa ta kai dala biliyan 400? Ba wanda ya taɓa ƙirga ta, lissafin 'yan zamani ne da ba shi da madafa. Abin da ke hannu shi ne ya tafi aikin hajji a 1324, ya yada zango a Alƙahira, kuma masanin tarihi al-Umari, wanda ya je birnin bayan kimanin shekara 12, ya rubuta abin da mutane suka ba shi labari game da zinariyar da sarkin ya rabar har darajarta ta faɗi. Hoton nan nasa da ake yawo da shi, yana zaune riƙe da curin zinariya, daga wata taswira ce da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375, bayan rasuwarsa, kuma mai zanen bai taɓa ganinsa ba. Yaron da aka nuna wa wannan ya ƙaru fiye da wanda ya haddace biliyan 400, domin ya fara rarrabe wanda ya gani, da wanda aka gaya wa, da wanda ya ƙiyasta.

Haka maganar da ake jingina wa Lord Macaulay, wani ɗan siyasar Birtaniya, wai ya faɗa wa majalisar dokokin Birtaniya ranar 2 ga Fabrairu 1835 cewa ya zaga wata ƙasa bai ga maroƙi ko ɓarawo ba, don haka sai an rusa ilimin mutanenta kafin a mallake su. Wani lokaci a ce Indiya yake nufi, wani lokaci a goge a sa Afirka. A wannan rana yana Indiya, ba ya Landan. Takardar da ya rubuta da gaske a kan ilimi tana ɗauke da wannan kwanan wata, kuma raina littattafan Indiya da na Larabci ya yi a cikinta, bai yabi Indiyawa ba. Irin wannan ƙanzon kurege ya fi kama mu idan ya dace da abin da zuciya ke son ji, shi ya sa iyaye da kansu ke tura wa yara.

Masu bincike na Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun gwada ɗalibai fiye da 7,800 a Amurka, suka fitar da sakamako a 2016: sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun kasa bambance talla da labari. Dabarar da suka ba da shawara ita ce kada a tsaya ana auna shafi da kyawun fuskarsa. A buɗe wani a gefe, a bincika su wane ne masu shi, me wasu ke cewa a kansu. Hoto kuma a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara fitowa. Amsar ChatGPT da ire-irensa ma haka, don sukan ƙago sunan littafin da babu shi.

Wasu iyayen kan haramta Wikipedia ɗungurungum, wasu su mai da ita alƙali. Duk biyun kuskure ne. Ƙofar shiga ce: a karanta, a gangara ƙasa wajen madogara, a bi ɗaya ko biyu.

Akwai kuma bin manhajar wata ƙasa ido rufe. Yawancin shafukan da aka tsara wa masu karatun gida an yi su ne don iyalan Amurka, saboda haka za ka tarar da makonni a kan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, Songhai kuwa sakin layi ɗaya. A cike giɓin da babban tarihin Afirka na UNESCO, aikin da aka fara a 1964, mai juzu'i takwas na asali, wanda ake saukewa kyauta. Ya yi wa ƙaramin yaro nauyi, uba ko uwa ne za su karanta su tace masa. Google Arts & Culture kuma ya ɗora shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu a 2022, yaro ya ga tawadar da idonsa.

Na ƙarshe, intanet kan ba da tarihi gutsure-gutsure, yau Fir'auna, gobe Hitila, har yaro ya ɗauka duk mutanen da a zamani ɗaya suka rayu. A ja dogon layi a takarda a manna a bango, duk abin da aka karanta a sa masa alama a shekararsa. A nan zai gano cewa Kiliyofatara, sarauniyar Masar wadda ta mutu shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa, ta fi kusa da saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969 fiye da ginin babban dalar Giza ta Masar. Idan littafin da ke hannu da shekarar Hijira yake lissafi, a rubuta ta a ƙasan layin, a tuna an fara ta a 622 kuma tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.