Yadda za a sha garin kolajin don danshin fata a hunturun Damagaram

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da fata a Damagaram har diddige ya yi faso, leɓe ya tsage, ƙwauri ya yi fari fat, kuma a lokacin ne ake yawan tambayar garin kolajin a farmasi. Kolajin sinadarin gina jiki ne da ke riƙe da ƙarƙashin fata, kuma jiki yakan fara rage samar da shi sannu a hankali tun daga wajen shekara 25.

Kafin a saya, a karanta jikin gwangwanin a ga daga inda aka samo shi, domin ana yin sa daga fata da ƙashin saniya, ko na kifi, ko na alade. Wanda ba a bayyana asalinsa ba, a bar shi. Farmasi ta fi teburin kasuwa aminci, tunda garin da ya yini cikin rana ba abin dogaro ba ne.

Adadin da aka fi gwadawa shi ne giram 2.5 zuwa 10 a rana, a dama cikin ruwa ko kunu, a ci gaba har mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Ciki yakan narkar da shi kamar kowane nama, sannan jiki ya sake gina nasa, aikin da ba ya yiwuwa sai da bitamin C, don haka a haɗa da gwaiba, lemun tsami ko kwalba da nono, tunda garin 'ya'yan kuka yana ɗauke da shi sosai. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da wanda jikinsa ba ya karɓar kifi, su fara ganin likita.

Wasu gwaje-gwaje sun nuna ƙarin danshi, amma kaɗan ne, kuma da yawansu kamfanonin da ke sayar da garin ne suka biya kuɗinsu. Shi ya sa nake ganin man kaɗe ya fi cancanta a fara da shi: a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage sabulu, a shafa man tun jiki bai gama bushewa ba. Kolajin na cikin man shafawa ba ya ratsa fata saboda girman ƙwayoyinsa, kuma a guji duk wanda ya yi alkawarin hasken fata, domin sau da yawa man bilicin ne.