Darasi na 9: Saukowa Daga Dogon Bene Idan Gobara Ta Tashi

Wannan darasi na masu aiki ne a dogayen benaye da masu zama a cikinsu. Da yawanmu a wannan aji daga Nyanya, Mararaba, Karu da Kubwa muke sammako mu shigo gari. Wani gadi yake yi, wata shara da goge-goge, wani masinja ne, wani kuma kula da janareta. Mu muke riga kowa shiga ginin, mu ne kuma na ƙarshen fita. Wanda makullin ƙofar baya yake aljihunsa, shi ya fi cancanta ya san yadda ake fita ranar da wuta ta kama.

A watan Afrilu na 2020 gobara ta tashi a ginin ofishin Babban Akanta na Tarayya a nan Abuja. A 1983 dogon ginin kamfanin sadarwa na NET da ke Legas ya kama da wuta. A birnin Landan kuwa, a watan Yuni na 2017, wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell ya ƙone, mutum 72 suka rasu. Wutar daga firji ta faro, a hawa na 4, kuma matakala ɗaya tak ginin yake da ita. Allah ya kiyaye mu. Amma da addu'a da shiri tare suke tafiya.

Matakala ce hanya ta farko

Kafin mu zo kan igiya da tsani, a riƙe wannan da kyau. Idan ƙararrawa ta kaɗa, ko ka ji ana ihun gobara, matakala za ka nufa. Kada ka shiga lifta. Lantarki yana iya yankewa ta tsaya da kai tsakanin hawa biyu, kuma ramin da take bi hayaƙi ma nan yake bi. Nemi koren allo mai hoton mutum yana gudu da kibiya, galibi an rubuta EXIT a jikinsa. Bi inda kibiyar ta nuna. Kada ka koma ɗaukar jaka ko takalmi. Duk ƙofar da ka fita, ja ta ka rufe, amma ban da sa makulli, domin rufaffiyar ƙofa tana tsare wuta da hayaƙi na ɗan lokaci.

Yawancin waɗanda gobara ke kashewa, hayaƙi ne yake gama da su tun harshen wuta bai taɓa su ba. Hayaƙin katifa da roba da kujerun soso guba ne. Sama yake taruwa, saboda haka idan ya yi yawa, durƙusa ka yi rarrafe. Kafin ka buɗe kowace ƙofa, taɓa ta da bayan hannu. In ka ji zafi, bar ta a rufe, wuta na bayanta.

Idan hanya ta toshe

Wani lokaci za ka leƙa matakala ka tarar baƙin hayaƙi ya cika ta. To, koma ɗakin da yake da taga ko baranda ta waje. Rufe ƙofa, ka jiƙa tawul ko mayafi ko labule ka toshe ƙasanta. Kira 112, kyauta ne ko babu kuɗi a waya. Faɗi sunan ginin da unguwar, da hawan da kake, da yawan mutanen da ke tare da kai. Tsaya kusa da taga kana kaɗa wani yadi mai haske, da dare kuma ka haska tocilan ɗin waya. Sau da yawa zama a irin wannan ɗaki har 'yan kwana-kwana su iso ya fi fita ta taga aminci.

Sai dai tsanin motar kwana-kwana yana da iyaka. Irin wanda aka fi samu yakan kai kusan mita 30, wato wajen hawa 9 ko 10, shi ma sai motar ta samu fili ta matso jikin ginin. Duk wanda ya san yadda ake cika harabar ofisoshi da motoci a Wuse da Garki ya san wannan fili ba kullum ake samunsa ba. Wannan ne ya sa aka ƙera kayan da mutum zai iya sauko da kansa da su.

Na'urar igiya mai birki

Wanda ya taɓa ganin yadda ake zura mai yasar rijiya ya san aikin: igiya a ɗaure a jikinsa, ƙarti a sama suna sakinta kaɗan-kaɗan. Wannan na'ura aikin ƙartin nan take yi. Ɗan akwatin ƙarfe ne da mutum zai iya ɗauka da hannu, igiya ta ratsa ta cikinsa. A ciki akwai birki. Da igiyar ta fara gudu, wasu ƙarafa a ciki sai su buɗe su matse jikin akwatin, gudun ya ragu. Babba ne ko ƙarami, kusan da sauri ɗaya take sauko da su, galibi wajen mita 1 a kowane sakan. Ba ta cin lantarki, ba ta da batir, ko an ɗauke wuta za ta yi aikinta. Igiyar ma ba irin ta shanya ba ce, yawanci waya ce ta ƙarfe aka saƙa mata zare a bisa. A ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu, abu ne da aka saba gani a otal-otal da ofisoshi, an ajiye shi cikin akwati kusa da taga.

Kowane bakin igiyar yana da ɗamara. Idan mutum na farko yana sauka, ɗamara ta biyu tana hawowa, na biye ya karɓa. Mutum ɗaya-ɗaya ake sauka.

Ga yadda ake yi, kuma a bi shi a jere. Da farko leƙa ƙasa. Idan wuta na fitowa daga tagar da ke ƙarƙashinka, kada ka bi ta nan, nemi wani ɓangare. Sannan ka rataya na'urar a jikin ƙugiya ko hannun ƙarfen da aka kafe a bango domin ta, ka murɗa notin maƙalin har ya kulle. Ja ta da ƙarfi ka ji ta zauna. Jefa dogon ɓangaren igiyar ƙasa, bayan ka yi wa na ƙasa magana su kauce. Zura ɗamarar ta kanka, ta zauna a ƙarƙashin hammata, kada ta murɗe, ka ja zoben da ke jikinta ta matse ƙirjinka. Fita a hankali, ƙafa farko, fuskarka na kallon bango. Saki igiyar, nauyinka ne zai tafi da kai. Riƙa dafa bangon da tafin hannu kana ture jikinka kaɗan don kada ka bugu.

A nan ne ake kuskuren da ke kisa: ɗaga hannu sama. Mai tsoro yakan miƙa hannuwa ya kamo igiya a saman kansa. Da ya yi haka, ɗamarar sai ta sulluɓe ta fita ta kai. Gwiwar hannu ƙasa take zama, daga taga har ƙasa. Da ka dira, cire ɗamarar ka bar ta nan, ka matsa nesa da ginin, saboda gilashi na iya faɗowa.

Sutura ma abin lura ce. Babbar riga a tuɓe ta. Dogon hijabi ko mayafi a naɗe shi a soke, kada iska ta kai shi ya sarƙe da igiya. Mai zane ta ƙara ɗaure shi tamau. Silifas a bar su, in akwai takalmi rufaffe a sa.

Wani dattijo mai gadi ya tsayar da darasin nan a aji, ya ce, "Malam, ni fa na haura shekara sittin, hannuna ba ƙarfi kamar da. Yaya zan riƙe kaina?"

Na ce, "Baba, ai ba kai za ka riƙe kanka ba. Ɗamara ce ke riƙe da kai, birki ke sauko da kai. Naka kawai kada ka ɗaga hannu."

Ya ce, "To in babu ƙugiyar fa? Na ɗaura a ƙarfen taga ko ƙafar tebur?"

"A'a, Baba, kada ka soma. Tebur zai biyo ka, ƙarfen taga kuma ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. Ƙugiyar nan ƙwararru ne ke kafe ta cikin kankare tun kafin ranar. In babu ita, a ɗauka babu na'urar."

Sai wata daga cikin mata ta ce, "Malam, mai goyo fa?"

Wannan tambaya tana da nauyi, kada a wuce ta. Zanen goyo yana iya kwancewa idan ɗamara ta ja, kuma wanda ya rungume yaro ba shi da hannun dafa bango. Akwai ɗamara da jaka da ake yi musamman domin yara. Duk ginin da iyalai ke zaune a ciki, in an sa na'ura ba a haɗa da ta yara ba, aikin bai cika ba, kuma iyaye su faɗa wa mai gidan haka. A jikin kowace na'ura akwai lambobi: tsawon igiyar, da mafi ƙarancin nauyi da mafi yawan da take ɗauka. Je ka karanta su tun yanzu, da rana tsaka, ba cikin hayaƙi ba. Igiyar da aka yanka wa hawa na 4 ba za ta kai ƙasa daga hawa na 7 ba, shi ya sa ba a ɗauke na'ura daga hawanta a kai wani.

Sauran kayan

Akwai tsanin sarƙa ko na igiya da ake maƙalawa a bakin taga a sake shi. Na ƙananan benaye ne, hawa 2 ko 3, kuma yana lilo, sai mai ƙarfin hannu. Akwai doguwar jakar yadi mai ƙarfi da ake saki daga sama har ƙasa, mutum ya shiga ta baki ya zame a ciki, yadin na matse shi, yana rage gudu da gwiwa da gwiwar hannu. Amfaninta shi ne mai tsoron tsawo ba ya ganin ƙasa. Akwai kuma katifar iska da 'yan kwana-kwana ke hurawa. Ita ma tana da iyakar tsawo, kuma ba a faɗa mata sai sun ce a faɗo, mutum ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi so a fara saya a ofisoshinmu shi ne kujerar saukar da mutum a matakala. Tana da bel a ƙasa da ke kama bakin matakala, mutum ɗaya ko biyu za su iya sauko da gurgu, ko tsoho, ko mai tsohon ciki. Ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin harin da aka kai wa dogayen benaye biyu na New York a Amurka, abokan aikin wani mai naƙasa sun sauko da shi daga hawa na 69 a kan irin wannan kujera, ya tsira. Kusan duk ofis akwai wanda ba zai iya gudu ba, mun kuma san shi. Tun yau a san su wa za su tsaya masa.

Ƙulla zannuwan gado ko labule a yi igiya ba dabara ba ce daga sama mai nisa. Ƙulli na kwancewa, yadi na yagewa a bakin taga, hannu kuma yana gajiya tun ba a yi rabi ba. Tsalle ya fi muni. Daga hawa na 3 zuwa sama, in ba a rasa rai ba, da wuya a tashi ba karaya mai tsanani.

Sai maganar ƙarafan taga. Tsoron ɓarayi ya sa mun yi wa gidajenmu walda ta ko'ina, har baranda. Babu na'urar da za ta amfani wanda tagarsa ba ta buɗuwa. A sa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya a kowane gida ƙarfe mai buɗewa kamar ƙofa, a rataye makullin kusa da ita inda kowa ya sani, har yara masu wayo. Haka nan ƙofar matakalar baya da ake garƙame wa kwaɗo, ko a mai da bayanta ma'ajiyar karyayyun kujeru da kwalaye. In kai ne mai gadi ko mai shara, kana ganin wannan kullum. Sanar da manaja cikin ladabi, in bai yi komai ba ka sake tuna masa. Roƙe shi kuma ya gayyato jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya su duba ginin, su koya wa ma'aikata duka, manya da ƙanana, yadda ake amfani da kayan. Kada kowa ya gwada na'urar igiya daga sama shi kaɗai ba tare da mai koyarwa ba.

Lissafi da aikin gida

Hawa ɗaya na bene yakan kai mita 3, na ofis yakan ɗan fi haka. Idan kana hawa na 6, kusan mita nawa ne tsakaninka da ƙasa? Idan na'ura na sauko da mutum mita 1 a sakan, sakan nawa za ka yi a hanya? Igiya mai mita 15 za ta ishe ka?

Rubuta wannan a littafinka sau uku: Matakala farko. Ban da lifta. Hannu ƙasa. Kira 112.

Gobe idan ka je aiki, sauko ta matakalar baya tun daga hawanka har waje, ka ga ko ƙofar ƙasa na buɗuwa. Ƙirga ƙofofin da ke tsakanin wurin aikinka da matakalar, domin cikin hayaƙi da laluben bango za ka gane ta. Duba ko akwai na'urar igiya ko kujerar matakala a ginin. In akwai, kwafo lambobin da ke jikinta da ranar da aka duba ta ta ƙarshe, ka zo da su aji mako mai zuwa.